Matatar Ruwa ta Yumɓu: Amfaninta da Iyakarta ga Gidajen Gangare

Duk lokacin da damina ta kankama a Jos, maganar ruwan sha takan dawo bakin mutane a tsofaffin unguwannin tsakiyar gari irin su Gangare. Rijiyoyi sun ciko, kowane mazubi ya cika da ruwan sama, amma a daidai wannan lokaci ne amai da gudawa ke yawaita, musamman a tsakanin ƙananan yara. Cikin hanyoyin da masana lafiyar jama'a ke nuna wa masu ƙaramin ƙarfi akwai matatar ruwa ta yumɓu. Sai dai fahimtar mutane game da ita ta rabu. Wasu na ɗaukar ta randa ce aka sauya wa suna don a ci kuɗin talaka. Wasu kuma na zaton duk ruwan da ya ratsa ta ya rabu da kowace irin cuta da guba. Duka ɓangarorin biyu akwai gyara a maganarsu, kuma gyaran na da muhimmanci domin lafiyar iyali ce a tsakiya.

Ma'anar kalmomi

Matatar yumɓu tukunya ce da ake ginawa da yumɓun da aka cuɗa da garin katako ko ɓuntun shinkafa. Idan aka gasa ta, garin katakon yakan ƙone ya bar ƙananan kafofi a jikinta waɗanda ido ba ya gani. Ana ɗora tukunyar a bakin wani bokiti mai murfi da kan famfo a ƙasansa. A zuba ruwa a sama, ya riƙa tsattsafowa ta jikin tukunyar yana taruwa a bokitin. Akwai wani nau'in da ake kira mai kyandir, domin matacin nasa dogo ne siriri kamar kyandir, ana ɗaura shi a tsakanin mazubi biyu, na sama da na ƙasa. Shi ne aka fi gani a shagunan birane.

Bambancinta da randa a fili yake. Randa mazubi ce ta ajiya da sanyaya ruwa. Gumin da take yi ta waje shi ke sanyaya na ciki, amma ruwan da ake sha shi ne wanda ya zauna a cikinta, bai ratsa komai ba. A matata kuwa, ruwan da ya ratsa jikin tukunyar shi ake sha.

Mafi yawan ƙwayoyin cutar da ke cikin ruwa iri uku ne. Akwai bakteriya, irin masu haddasa kwalara da zazzaɓin taifot. Akwai furotozowa, waɗanda suka fi bakteriya girma, suna kawo atuni da gudawa mai daɗewa. Sai bairas, wanda ya fi su duka ƙanƙanta, kamar mai kawo wasu nau'o'in ciwon hanta da gudawar jarirai. Ana auna girmansu da maikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Kaurin silin gashin kai yakan kai maikiron 70, bakteriya ba ta wuce maikiron ɗaya zuwa uku ba, bairas kuwa sau da yawa bai kai kashi ɗaya cikin goma na maikiron ba.

Akwai kuma kalmar da ke buƙatar kulawa ta musamman, wato tsarki. A littattafan fiƙihu da ake karantawa a zaurukan malamai, ruwan da launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa ba su jirkita ba ya halatta a yi alwala da wanka da shi. Wannan hukunci ne na ibada, kuma yana nan daram. Amma ruwa na iya cika waɗannan sharuɗɗa, ya yi garai-garai a kofi, alhali yana ɗauke da ƙwayar kwalara. Ma'aunin ruwan sha na Nijeriya, wanda aka fitar a 2007 aka sabunta a 2015, ya tanadi cewa kada a sami ko da ƙwaya ɗaya ta bakteriyar da ke nuna gurɓatar bayan gida a cikin mililita 100. Ido da hanci ba sa iya wannan awo.

Asalin dabarar

Tace ruwa da gasasshen yumɓu ya daɗe. Tun ƙarni na 19 kamfanin tukwane na Doulton a Ingila yake ƙera matatai, a zamanin da kwalara ke yi wa birnin Landan ɓarna. A 1884 Charles Chamberland, abokin aikin Louis Pasteur a Faransa, ya ƙera mataci mai siffar kyandir wanda ke tare bakteriya. Bayan shekara takwas, a 1892, wani masani ɗan Rasha mai suna Dmitri Ivanovsky ya lura cewa abin da ke haddasa wata cutar ganyen taba yana ratsa wannan mataci ya wuce. Daga nan aka kama hanyar gano bairas. Ashe tun farkon al'amarin an san inda ƙarfin matatar yumɓu ya tsaya.

Nau'in tukunyar da ake yi domin talakawa kuwa, wani masani ɗan ƙasar Gwatamala, Fernando Mazariegos, shi ya tsara shi a 1981. Manufarsa ita ce a sami matatar da maginin tukwane na ƙauye zai iya yi da kayan da ke kusa da shi. Bayan guguwar Mitch ta afka wa Amurka ta Tsakiya a 1998 ta lalata hanyoyin ruwa, ƙungiyar Potters for Peace ta ɗauki dabarar ta daidaita ta. Jagoran aikin, Ron Rivera, ya yi yawo ƙasashe da dama yana kafa ƙananan masana'antu. A Nijeriya ya kamu da zazzaɓin cizon sauro lokacin da ya zo irin wannan aiki, ya rasu a 2008. A Afirka ta Yamma, akwai misalin Tamale a arewacin Gana, inda ƙungiyar Pure Home Water, wadda aka kafa a 2005, ta fara da sayar da matatun, daga baya ta gina masana'antarta.

Yadda take aiki

Ana busar da yumɓu a daka shi a tankaɗe, a auna garin katakon da shi ma aka tankaɗe, a kwaɓa su, a matse a cikin zubi domin kowace tukunya ta fito da kauri iri ɗaya. Bayan ta bushe sai a gasa ta a tanderu da zafin da ya kusa digiri 900. Sannan a jiƙa ta a gwada saurin zubarta. Wadda aka amince da ita takan zubar da lita ɗaya zuwa uku a awa guda. Idan ta wuce haka, kafofinta sun yi faɗi ko ta tsage. Idan ta gaza, za ta gajiyar da masu gida su jefar da ita. A ƙarshe a shafa mata ruwan azurfa, wanda ke kashe bakteriya, yana kuma hana su yaɗuwa a jikin tukunyar. Azurfar kaɗan ce, kuma akan umarci mai saye ya zubar da ruwan cikawa biyu ko uku na farko.

Abubuwa uku ne ke haɗuwa su yi aikin. Kafofin na tare laka da manyan ƙwayoyi. Hanyoyin da ruwa ke bi a cikin jikin tukunyar a murɗe suke, don haka ƙananan ƙwayoyi kan maƙale a bango. Azurfa kuma ta gama da mafi yawan waɗanda suka saura. Gwaje-gwaje sun nuna matata mai kyau na iya rage bakteriya da kusan kashi 99 cikin ɗari, tana kuma tare furotozowa sosai. A kan bairas ƙarfinta kaɗan ne. Abin da ya narke a cikin ruwa kuwa, kamar gishiri, dalma, sinadarin taki ko maganin feshi, wucewa yake yi tare da ruwan.

Halin da ake ciki a Gangare

Jos gari ne da haƙar kuza ta raya a farkon ƙarni na 20, kuma Gangare na cikin unguwannin da Hausawa 'yan kasuwa da masu sana'a suka daɗe da zama a cikinsu. Gidaje a cunkushe suke, fili ya yi ƙaranci. Ƙasar Jos kuma dutse ne a ƙarƙashi, shi ya sa rijiyoyin gida ba su cika zurfi ba. Inda rijiya da masai suke gida ɗaya ko katanga ce kawai ta raba su, ruwan damina kan iya jawo ƙazanta daga ɗaya zuwa ɗaya. Ga kwatami da ke ambaliya idan an yi ruwa mai ƙarfi.

Garin na da madatsun ruwa, irin na Lamingo da na Yakubu Gowon da ke Shen, amma yawan jama'a ya zarce abin da tsofaffin bututu ke iya ɗauka. Idan famfo ya ɗauke, bututun da ya fashe yakan tsotsi ruwan kwata, ranar da aka saki ruwa sai ya iso gida da shi. Saboda haka gidaje da yawa na haɗa hanyoyi: rijiya don wanki, 'yan garuwa ko burtsatse don girki, fiya wata don sha idan aljihu ya yarda. Ko ruwan ya fito da kyau daga tushe, jarkar da aka ɗauko shi, da randar da aka zuba shi, da moɗar da kowa ke tsomawa, duk kafofi ne na gurɓata.

A 2021 Nijeriya ta ga annobar kwalara mafi muni cikin shekaru masu yawa. Hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka ta ƙirga mutum fiye da 111,000 da ake zaton sun kamu, sama da 3,600 suka rasu. Jihar Filato na cikin waɗanda abin ya shafa, har da ƙaramar hukumar Jos ta Arewa inda Gangare take.

Tace ruwa a gida ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙirga masu kurkunu sama da 650,000 a Nijeriya. Da ƙyallen tacewa, da wayar da kai, da kula da tafkuna aka ci ƙarfin cutar. Cibiyar Carter, wadda ke da ofishi a Jos, da Janar Yakubu Gowon sun taka rawa sosai. An ga mai cutar na ƙarshe a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da kawar da ita a 2013. Sai dai ƙwaron da ke ɗauke da kurkunu babba ne, ƙyalle na tare shi. Ƙwayar kwalara da ta taifot sai mataci mai kafofi ƙanana ƙwarai.

Ra'ayoyi mabambanta

Masu goyon baya na kafa hujja da bincike. A Kambodiya, inda aka raba matatun da yawa, binciken Joe Brown da Mark Sobsey ya nuna gudawa ta ragu da kusan rabi a gidajen da ke amfani da su. Suna ƙara da cewa matatar ba ta buƙatar wuta ko lantarki, ba ta sauya ɗanɗanon ruwa, kuma ruwan na zama a rufe har ya fito ta famfo, hannu bai taɓa shi ba. Sau ɗaya ake saye a yi shekara biyu ko fiye ana mora.

Masu taka-tsantsan na da nasu dalilai. A 2009 masana biyu na makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi da ke Landan, Wolf-Peter Schmidt da Sandy Cairncross, sun ja hankali cewa yawancin binciken tsabtace ruwa a gida ya dogara ne da abin da iyalai suka faɗa da bakinsu. Wanda aka yi wa kyauta kuwa yakan so ya faranta wa mai tambaya, sai ya rage yawan ciwon da aka yi. Suna ganin amfanin na iya zama ƙasa da yadda ake yayatawa. Binciken na Kambodiya ma ya nuna cewa duk wata kimanin kashi biyu cikin ɗari na gidajen kan daina amfani da matatar, galibi don ta fashe babu inda za a sami wata.

Akwai ra'ayi na uku, wanda ya shafi haƙƙi. A 2010 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince cewa samun ruwa mai tsabta haƙƙin ɗan Adam ne. A 2018 Gwamnatin Tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ruwa da tsabtar muhalli. Filato na cikin jihohi bakwai da shirin SURWASH na Bankin Duniya, mai dala miliyan 700, ya ɗauka a 2021. Masu wannan ra'ayi na tsoron kada yaɗa matatun gida ya zama hanyar sauke nauyi daga kan hukuma a ɗora wa magidanci. Damuwarsu gaskiya ce. Amma uwar da ɗanta zai sha ruwa yau ba za ta jira a gama shimfiɗa bututu ba, don haka abubuwan biyu tare za su tafi: a kare gida yanzu, a ci gaba da neman famfo.

Kwatanci da sauran hanyoyi

Tafasa ruwa ta fi kowace hanya kashe ƙwayoyin cuta, har da bairas. Ko a Jos da ke kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, inda ruwa ke tafasa kafin ya kai digiri 100, minti ɗaya yana ɓararraka ya wadatar. Matsalarta tsadar gawayi da gas, da hayaƙin itace, da kuma sake gurɓata idan an juye shi a buɗaɗɗen mazubi. Sinadarin kulorin, irin na WaterGuard, yana da araha, yana kashe bakteriya da bairas, yana kuma ci gaba da kare ruwan a cikin jarka. Amma ƙarfinsa na raguwa a ruwa mai laka, wasu furotozowa na jure masa, wasu mutane kuma ba sa son warinsa. Alif da garin 'ya'yan zogale suna kwantar da laka ne, ruwa ya yi haske, amma ba sa gamawa da ƙwayoyin cuta. Fiya wata mai rajistar NAFDAC na da sauƙi, sai dai sayensa kullum ga iyali mai yawa nauyi ne, kuma ledarsa ce ke toshe magudanan da ke jawo ambaliyar.

Darasin da ke nan shi ne hanyoyin na cike giɓin juna. Ruwa mai laka a fara kwantar da shi ko a tace da ƙyalle kafin a zuba a matata, domin kada ta toshe da wuri. A lokacin annoba, ko domin jariri da marar lafiya, a ƙara kulorin a ruwan da aka tace ko a tafasa shi. Gudawar jarirai ta bairas kuwa tana da rigakafi, wanda Nijeriya ta shigar cikin alluran yara a 2022.

Inda aka fi yin kuskure

Yawan gazawar matata daga hannu take zuwa. Tsagewar da ido ba ya gani ta isa ta ɓata aikinta, alamarta kuwa ita ce ruwa ya fara zuba da sauri fiye da yadda aka saba. Idan zubar ta ragu, a goge cikin tukunyar da buroshi mai laushi da ruwan da aka tace, ban da sabulu. Bokitin ƙasa shi ake wankewa da sabulu a ɗauraye da ruwa mai tsabta. Kada a ajiye gindin tukunyar a ƙasa, kada a taɓa shi da hannu marar tsabta, domin ta nan ruwan sha ke fitowa. A ɗora matatar a wuri mai ɗan tsayi inda yara da dabbobi ba za su ture ta ba.

Sai batun yawa. Mutum na buƙatar kimanin lita biyu da rabi zuwa uku a yini. Tukunyar na ɗaukar lita takwas zuwa goma, kuma zubarta na raguwa yayin da ruwan ke yin ƙasa. Gida mai mutum goma sai an cika ta sau uku, gidan da ya fi haka sai matata biyu. Idan ba ta wadatar ba, yara za su koma randa, kuma kofi ɗaya na gurɓataccen ruwa ya isa ya rushe kiyayewar mako guda. Haka nan ruwan tsofaffin kududdufan haƙar kuza da ke kewayen Jos, da na rijiyar da ke kusa da juji ko wurin gyaran batir, sai an kai shi awo, domin matata ba ta da iko a kan narkakkiyar guba.

Abin da zai iya biyo baya

Filato na da abin da wannan sana'a ke nema. Akwai yumɓu da farar ƙasa, akwai garin katako a kasuwar katako, akwai kuma tsohon tarihin ginin tukwane. A wajen haƙar kuza aka fara tono sassaƙen yumɓu na Nok a 1928, kuma gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, na ajiye da tukwane daga sassan ƙasar nan. Hoton maginiyar tukwane Ladi Kwali a takardar naira ashirin shaida ne na darajar wannan hannu. Idan aka haɗa maginan tukwane da masu awo na Jami'ar Jos da sashen koyar da aikin yumɓu na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, za a iya samun matata mai araha wadda canjinta ke kusa da gida, ga aikin yi ga mata da matasa.

Haɗarin shi ne jabu. Tukunyar da ba a auna cuɗinta ba, ba a gwada zubarta ba, kamanninta ɗaya da ta ƙwarai. Iyalin da suka saye ta za su daina tafasa ruwa suna ganin sun tsira, alhali sun fi da shiga haɗari. Tun 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya take da tsarin gwada kayan tsabtace ruwa na gida, kuma ya dace hukumar SON mai kula da ingancin kaya da hukumomin lafiya na jiha su tsaya a kan irin wannan ma'auni. Kowace matata ta fito da lamba da sunan masana'anta da umarni da Hausa. Rabon kyauta ba tare da koyarwa da wurin sayen canji ba yakan ƙare ne da bokiti a lungu ana zuba hatsi a ciki.

Kammalawa

Matatar yumɓu kariya ce ta gaske daga bakteriya da furotozowa, waɗanda su ne ke kawo kwalara, taifot da atuni. Tana da rauni a kan bairas, ba ta cire narkakkiyar guba, kuma amfaninta ya rataya ne a kan ingancin gini da kulawar yau da kullum. Magidanci a Gangare da ke tunanin saye ya tambayi abu uku: wa ya ƙera ta, an gwada saurin zubarta, kuma ina zai sami wata idan ta fashe? Masu unguwa da limamai da malaman Islamiyya da ma'aikatan lafiya na matakin farko su ne suka fi dacewa su isar da wannan bayani, tare da na wanke hannu da nisanta masai daga rijiya. Hukuma kuma nauyin da ke kanta bai ragu ba, domin duk gidan da aka ga matata a cikinsa, gida ne da har yanzu ke jiran ruwan famfo mai tsabta.